Juya takardar, kada ka ajiye ta

Malamin makaranta, akawu, mai rubuta rasit a kanti, da kai nake. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da kai, Allah ya tashe ka, ƙafa ta taka, harshe ya saki, amma da ka ɗauki takarda sai kalmomi su riƙa gutsurewa. An canja tabarau, shiru. Kada ka yanke ƙauna! Sau da yawa idon lafiyarsa ƙalau. Raunin yana can wajen ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke karɓar gani, shi ya sa rabin abin da ke gabanka, dama ko hagu, ya ɓace wa idanun duka biyu.

Mai karanta boko idonsa kan leƙi haruffa kusan 15 a damansa, 3 ko 4 kacal a hagu. Wanda ya rasa dama, kalmar da yake dosa ce ba ya gani. Wanda ya rasa hagu kuwa, farkon sabon layi ke ɓace masa. A Larabci da ajami akasin haka ne, don haka mu da muka taso da allo da littafi ƙofa biyu gare mu. Gwada kowacce.

Sannan ka juya takardar, layuka su miƙe tsaye. A boko, in dama ce ta tafi, juya ta yadda za ka karanta daga sama zuwa ƙasa, layi na gaba ya faɗo hagunka. In hagu ce, daga ƙasa zuwa sama.

Da farko za ka ji nauyi, ba zan ɓoye maka ba. A 2010 masu bincike a Jami'ar Minesota ta Amurka sun auna masu lafiyar ido, suka tarar karatun kwance ya fi na juyayyen rubutu sauri da kusan kashi 80 cikin ɗari. Amma saurin yana ƙaruwa da atisaye, kuma kai da ka koyi sana'a tun daga tushe ka san abin da naci ke yi. Ba kowa dabarar ke karɓa ba. Wani, rula a ƙarƙashin layi, ko jan layi a gefen shafi, ya ishe shi.

Tashi ka je asibitin ido, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ECWA na Kano, ka ce a auna maka faɗin ganinka. Riƙe maganin hawan jininka, ka ware ɗan lokaci kullum da takarda a hannu. Teburinka yana jiranka, Malam, ka koma bakin aiki.