Gatanar da Yara ke Zaɓa wa Ƙarshe: Ƙarya ce ko Tarbiyya?



Wani malamin Islamiyya daga yankinmu na Goronyo ya aiko da tambaya kan wasan da ɗalibansa suka gano a waya. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, ɗaya ya zama mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, wannan maharbi, wancan bafatake. Mai labari ya ce ga halin da kuka shiga, me za ku yi? Kowa ya faɗi nasa, labari ya bi inda suka kai shi. Mafi shahararsa, Dungeons & Dragons, ya fito a Amurka a 1974, kuma akwai wanda ake farawa a gama a zama ɗaya. Malam yana tsoron kada ya koya wa yara ƙarya.

Tsoron yana da tushe, domin Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Amma mece ce ƙarya? Ka sa wani ya gaskata abin da ka san ba haka yake ba. Kakarmu idan ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", ai ta sanar da mu cewa an bar duniyar gaske, kuma babu yaron da ya tashi da safe neman gidan Gizo. Malamanmu na zaure ƙarni nawa suka yi suna karantar da Muƙamatu na Hariri, alhali sun san ƙagaggun labarai ne, don ɗalibi ya ƙoshi da Larabci? Wanda ya sani, kuma ya san kowa ya sani, bai yaudari kowa ba.

Abu biyu na ce malam ya cire. Ɗan ludo da Turawa ke jefawa don yanke hukunci, saboda hadisin Muslim kan wasan nardu yana da nauyi, kuma babu dalilin kusantar shubuha. A rubuta sakamako a 'yan takardu a yi ƙuri'a, ko mai labari ya yanke da hankalinsa. Sai sihiri. Dodo ya fito, kura ta yi magana, duk gatana ce, amma kada boka ya zama gwarzo, kada tsafi ya zama makamin nasara.

Inda na fi damuwa ba nan ba ne. A gatana yaro saurare yake, Gizo ya yi ha'inci ya sha kunya. A wannan wasan kuwa yaron da kansa ke cewa "na gudu na bar shi" ko "na tsaya". Bakinsa ne ke furta zaɓin, a gaban abokansa. To, a ƙasa irin tamu ta gabashin Sakkwato, inda aka kai wa kasuwar Goronyo hari a Oktoban 2021 aka kashe mutane da dama, inda yaro ya san sunan ɗan bindiga kafin ya san sunayen Ashara Mubashshara, wane ne mai ƙarfi a idonsa? Mai bindiga. Idan labarin da muka ba shi na kashe dodo a kwashe dukiya ne, wallahi darasin daji muka maimaita masa da wata riga. Don haka a gina labarin a kan amanar da riƙe ta ke da tsada.

Ga misalin da na fi so. Mutanen Kagara ba su manta ambaliyar Satumbar 2010 ba, lokacin da ruwan Rima ya ci gari da gonaki. A ɗauki dare irin wannan a wani ƙauye marar suna. 'Yan wasa su huɗu, kwalekwale ɗaya, yana ɗaukar mutum shida. A kan tudu akwai tsohuwa, da mai ciki, da attajirin da ya yi alkawarin buhun shinkafa goma, da maƙwabcin da ya ci iyakar gonar mahaifin ɗaya daga cikinsu. Sai dodon ruwa ya ɗago kai ya ce zai haye da kowa lafiya, sharaɗinsa ɗaya, a bar masa maƙwabcin. Kun ga babu takobin da zai raba wannan. Yaro zai ji daɗin tayin dodo a ransa, ya ji kunyar faɗa, kuma wannan kunyar ita ake nema. Mai labari kada ya yi wa'azi, ya bar su su yi gardama. Idan sun ƙi tayin, su sha wuya da gaske, igiya ta tsinke, su yi sahu biyu cikin duhu, shinkafar attajiri ta tafi. Idan aka sauƙaƙa wa mai gaskiya hanya kullum, an yi wa yaro ƙaryar da ta fi ta dodo.

Wani kuma a ribaɗi irin na Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837. 'Yan wasa masu tsaron ƙofa ne, umarni shi ne ba a buɗewa sai asuba, ga baƙuwa a waje da yaro marar lafiya, ga kukan kura na matsowa. Biyayya ko tausayi? Wataƙila wani yaro ya gano cewa ana iya fita wurinta ba tare da an buɗe ƙofa ba. Sai dai a kiyaye, ba a ɗaukar matsayin Annabi ko sahabi ko su Shehu a wasa, talakawa marasa suna sun isa.

Na fi son na zama ɗaya saboda yana da "ƙurunƙus", ba ya bin yaro makaranta ko cinye masa sallar asuba. Awa guda bayan isha'i, maza da maza, mata da mata. Idan an gama, malam ya tambayi kowane yaro dalilin zaɓinsa, ya fara da wanda ya yi shiru lokacin da dodo ya yi tayi.