Tabo a Bayan Jita

Na sayi sabuwar jita a Yamai. A gida na ɓare 'yar takardar da aka manna a bayanta, sai ga tabo: fenti ya ɗaye, faɗin farce. Na kaɗa tsirkiyoyin shida, amo garau.

To, me ya ɓata mini rai? Mu 'yan rediyo da murya aka san mu. Mdou Moctar ma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Takardar ce ta dame ni. Da mai shagon ya nuna mini tabon, da na saya ba gardama. Aibin da aka faɗa na kaya ne, wanda aka rufe kuwa ya zama na mai kaya.

Jitar tana wurina. Shagon dai ban ƙara takawa ba.