Darasi na 9: Wasiyyar Yakubu da Kyautar Sassan Jiki

Karatu: Farawa 47:28-31, 49:29-33, 1 Korantiyawa 15:35-44

Yakubu ya zauna shekara 17 a ƙasar Masar. Sa'ad da ya ga kwanakinsa sun kusa ƙarewa, bai rufe bakinsa ba. Ya kira Yusufu, ya rantsar da shi kada ya binne shi a Masar. Daga baya ya tara 'ya'yansa duka, ya faɗa musu wurin dalla-dalla, watau kogon Makfela wanda Ibrahim ya saya daga hannun Efron Bahitte, inda aka sa Ibrahim da Saratu, da Ishaku da Rifkatu, inda shi kansa ya binne Lai'atu. Ku lura, ya yi maganar tun yana da hankalinsa, ya kuwa yi ta a gaban dukansu. Gidan nan na 'yan uba ne, waɗanda suka taɓa sayar da ɗan'uwansu saboda kishi. Duk da haka ba mu karanta an yi jayayya a kan gawar tsohon ba, gama ba wanda ya iya cewa shi kaɗai ya ji abin da uban ya faɗa.

Yusufu ya bi sawun ubansa, ya bar umarni a kan ƙasusuwansa. Musa ya ɗauke su ran fita daga Masar (Fitowa 13:19), aka binne su a Shekem (Joshuwa 24:32). Ubangijinmu ma, yana bisa gicciye, ya danƙa uwarsa a hannun almajirin da yake ƙauna (Yohanna 19:26-27).

Mutane da yawa suna tsammani ambaton mutuwa kiranta ne. Wannan camfi ne, ba bangaskiya ba. Allah ne da kansa ya aiki Ishaya ya ce wa sarki Hezekiya ya shirya gidansa, sa'an nan ya ji addu'arsa ya ƙara masa shekara 15 (2 Sarakuna 20:1-6). Kwanakin mutum suna hannun Mahalicci, ba a bakin mai wasiyya suke ba.

To, ya ku ƙaunatattu, a zamaninmu an sami wata tambaya wadda Yakubu bai sani ba. A shekarar 1954, a birnin Boston na Amurka, likita Joseph Murray ya ciro ƙoda daga wani saurayi ya dasa wa ɗan tagwayensa, ta kuwa kama. A 1967 Christiaan Barnard ya dasa zuciya a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu. A ƙasar nan an fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas na Legas a shekarar 2000, sa'an nan a asibitin koyarwa na Aminu Kano a 2002. A 2014 kuma aka kafa Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ta ce kada a ciri wani sashen jikin mai rai sai da yardarsa bayan an fahimtar da shi. Ta hana saye da sayarwa. Ta hana a ciri abin da ba ya sake tsirowa daga wanda bai kai shekara 18 ba. Ta kuma yardar wa wanda ya isa yin wasiyya ya ba da jikinsa, ko wani sashensa, a yi amfani da shi bayan mutuwarsa, ko dai cikin wasiyyar, ko cikin takarda a gaban shaidu biyu.

Mai bi zai ce, idan an binne ni ba ƙoda, ko ba zuciya, yaya zan tashi ran ƙarshe? Kada a yi wa mai wannan tambaya dariya. Bulus ya amsa wa irinta da misalin manomi. Ƙwayar dawa da ka shuka takan ruɓe a ƙasa, abin da ke fitowa kuwa ba tsohuwar ƙwayar ba ce aka harhaɗa, sabon jiki ne Allah ya ba ta. Ina jikunan shahidai da aka ƙone, da waɗanda namomin jeji suka cinye? Littafin Ru'ya ta Yohanna 20:13 ya nuna mana teku ma za ta ba da matattun da ke cikinta. Wanda ya yi Adamu daga turɓaya ba zai rasa ƙoda ɗaya ba.

A nan bari mai fassara ya sa baki kaɗan. Cikin Ibrananci, a wurare kamar Irmiya 17:10, kalmar da ke nan ita ce ƙoda, domin Ibraniyawa sun ɗauke ta mazaunin asirin mutum, kamar yadda mu muke cewa zuciya. Salon magana ne kurum. Wanda aka dasa masa ƙodar arne bai zama arne ba, zuciyar mai bi kuma ba ta ceton wanda ya karɓe ta.

Littafi Mai Tsarki bai umarci kowa ya ba da sashen jikinsa ba, bai kuwa hana ba. Amma Bulus ya yabi Galatiyawa da cewa da mai yiwuwa ne, da sun ƙwaƙule idanunsu sun ba shi (Galatiyawa 4:15). Abin da ya gagare su, yau ana yin wani abu kamarsa: akan ɗauki tantanin gaban idon mamaci a dasa wa wanda nasa ya dushe, ya koma gani. A ganina irin wannan kyauta ƙauna ce ta gaske, muddin kyauta ce.

Wannan sharaɗi kuwa ba ƙarami ba ne. A ƙasar nan kusan dukan ƙodojin da ake dasawa daga masu rai suke fitowa, yawanci dangi. Mutum yana iya rayuwa da ƙoda ɗaya, amma fiɗa ce babba, tana da hatsarinta. Sau da yawa iyali sukan taru su zuba wa ƙarami ido, ko matar gida, ko ɗan'uwa matalauci, har ya amsa da baki alhali zuciyarsa tana kuka. Wannan ba bayarwar da 2 Korantiyawa 9:7 ke koyarwa ba ce. Mun kuma ga inda tsananin bukata ke kai mutum: a 2023 wata kotu a London ta ɗaure wani babban ɗan majalisar dattawan Nijeriya da matarsa da wani likita, saboda sun kai wani saurayi mai talla daga Legas domin a ciri ƙodarsa a dasa wa 'yarsu. Ciwon 'yar gaskiya ne, amma saurayin ma cikin surar Allah aka yi shi.

Waɗansu ƙasashe sun juya dokar. A Wales tun 2015, a Ingila tun 2020, ana ɗaukar baligi ya yarda a ɗauki sassansa bayan mutuwa, sai idan ya bayyana ƙinsa. Amma ko a can likitoci sukan zauna da iyali tukuna, in iyali suka ƙi, yawanci ba a taɓa gawar. Lokacin kuwa gajere ne, gama sassan jiki ba su daɗewa bayan rai ya fita. Gwauruwa cikin hawaye, in ba ta taɓa jin nufin mijinta ba, me za ta ce? Takarda cikin akwati ba ta magana da tsakar dare a asibiti.

Saboda haka ka tara matarka da 'ya'yanka da 'yan'uwanka wuri ɗaya, ka kira dattijon ikilisiya ya zama shaida. Ka faɗa ko ka yarda a ɗauki wani sashen jikinka ko ba ka yarda ba. Wanda ya ƙi bai yi zunubi ba. Ka faɗa ko a sayar da gona domin jinyarka in likita ya ce ba sauran magani, da inda za a binne ka, da wanda zai riƙe marayu. Sa'an nan a rubuta, a sa hannu.

Domin tattaunawa: Don me Yakubu ya maimaita wasiyyarsa a gaban dukan 'ya'yansa bayan ya riga ya rantsar da Yusufu? Idan an matsa wa wani a cikin aji ya ba ɗan'uwansa ƙoda, shi kuwa yana jin tsoro, me dattawan ikilisiya za su yi masa?