Takardar da Ka Sa Sunana a Kai

Ɗana, zauna nan kan tabarma, ka kife wayar nan tukuna. Na jira mahaifiyarka ta fita kasuwa kafin in aika a kira ka, don maganar nan tsakanina da kai ce.

Shekaranjiya na je shagon da ake kwafar takardu, can kusa da shataletalen Maourey, kan batun fanshona. Yaron shagon ya san ni kawunka ne, sai ya miƙo mini wani ambulan mai ruwan ƙasa, ya ce ka manta shi a kan tebur. Na buɗe a gida ina zaton takardun makaranta ne. Takardar bak ɗinka tana sama, da hotunan fasfo guda huɗu, ka sa kwat ɗin aro wadda ta fi ƙarfin kafaɗarka. A ƙarƙashi kuma ga takardar banki da hatimi, da cikakken sunana, wai ina da sefa miliyan 6 a ajiye, wai ni ne mai ɗaukar nauyinka a Faransa. Shekara 34 na yi ina riƙe da alli, ba ni da wata dukiya da ta wuce sunan nan da ka ara ba ka tambaye ni ba. Daren nan ban runtsa ba.

Son tafiya karatu ba laifi ba ne, kada ka ce kawu ya hana ka. Jami'ar da ke ƙetaren Gadar Kennedy, wadda kake cewa yajin aiki ya cinye mata shekaru, sunan wa take ɗauke da shi? Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929. Faransa ya je ya karanci kimiyyar lissafi da ta fiziks, ya dawo ya ƙarar da ƙarfinsa kan yadda za a ci moriyar ranar nan da ke ƙona mu. Ya san abin da ya je nema. Kai kuwa ran nan da na tambaye ka me za ka karanta, ka ce mini duk abin da ya samu. Amsar nan ta fi takardar bankin damuna. Mai neman ilimi yakan san sunan darasinsa da sunan makarantarsa kafin ya san kuɗin jirgi. Abin da na gani a idonka ɗokin fita ne kawai, irin wanda ake hurawa a fada wajen shan shayi, ana nuna hotunan abokai a cikin dusar ƙanƙara. Hangen dala ba shiga birni ba ne.

To bari mu zo kan dillalin da ya rubuta maka takardar. Na ji ka ba shi jika 150, kuɗin da ka tara a kan kabu-kabu, kuma ka fara yi wa mahaifiyarka maganar filinta. Ka tambaye shi ina zai kai takardun? Kowa a Yamai ya san bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a nan, kuma a Janairun 2024 ta rufe ofishin jakadancinta. Yara nawa ne makarantu suka riga suka ɗauka a shekarar nan, suka zauna da jakunkunansu a ɗaure har damina ta wuce? Amurka ma a 2025 ta dakatar da aikin biza a ofishinta na nan. Zai ce maka yana da hanya ta Lome ko Kwatano. Ko da ka je, yawancin ofisoshin nan sai sun tambaya ko a ƙasar kake zaune, kuma da ƙafarka za ka shiga, yatsunka goma za a ɗora kan na'ura. Dillali ba ya shiga ɗakin nan. In suka buga wa bankin waya suka ji babu asusun, kuɗin biza ba ya dawowa, kuma shaidar yatsunka tana zaune a kwamfutarsu shekara biyar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Gobe in ka samu gurbi na gaskiya, ƙaryar yau ce za ta tare maka ƙofa.

Mu ɗauka ma an ba ka bizar. Ka san dalilin da ya sa suke neman shaidar kuɗi? Shekaru da dama abin da Faransa ta riƙa nema ga ɗalibi shi ne yuro 615 a wata, wato jika 400 da ɗoriya, kusan miliyan 5 a shekara. Ba don mugunta suka yanka wannan adadi ba, kuɗin ɗaki ne da abinci da mota, kuma a manyan birane ko isa ba ya yi. Takardar jabu tana iya ruɗin ma'aikaci, amma ba ta biyan haya. Kana cewa za ka yi aiki. Doka ta ba ɗalibi awa 964 a shekara, ba ƙari. Yaron da ya kwana yana wanke kwanoni, da safe barci yake a aji, in ya faɗi jarrabawa sau biyu takardar zamansa ta shiga haɗari. Daga nan sai ɓuya, sai ya daina kiran gida don kunya. Na ga iyaye mata a unguwar nan suna jiran wayar da ba ta zuwa, ba na so ƙanwata ta shiga cikinsu.

Kuma duniya ba Faransa kaɗai ba ce. Hukumar ANAB tana nan cikin garin nan, ta hannunta guraben karatu na Maroko da Aljeriya suke bi, makinka na bak kuma ba abin kunya ba ne. Turkiyya tana buɗe neman bursu ta intanet a farkon kowace shekara, wajen Janairu zuwa Fabrairu, ba a biyan ko dala, wanda aka ɗauka kuma a ba shi makaranta da wurin kwana da tikiti da shekara guda ta koyon harshensu. Ana ɗaukar kaɗan, gaskiya ne, amma da takardun gaskiya ake ɗaukarsu. A duk waɗannan, makaranta ce ke fara karɓarka, biza ta biyo baya. Kai ka fara daga wutsiya.

Ko inda za ka je ma sai an duba da kyau. Ɗan maƙwabcinmu na bayan masallaci shekara uku ya yi a Khartum, yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya dawo da rigar jikinsa da ƴar jaka. Takardunsa na asali duk suna can. Na gan shi yana zaune a dakalin ƙofar gidansu yana rubuta sunayen darussan da ya ci daga ka, a bayan wata tsohuwar kalanda, ko wata makaranta za ta tausaya. Saboda haka kowace takarda taka, daga ta haihuwa har ta maki, a yi mata kwafi a buga hatimin hukuma, a bar ɗaya a akwatin mahaifiyarka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Filin nan kuma ka cire ranka daga kansa. Shi kaɗai mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya bar mata, kuma kana da ƙanne uku a bayanka. In gurbi ya fito na halal, abin da ya rage na fasfo da guzuri ni da baffanninka za mu haɗa, kuma zan sa hannu a kan abin da nake da shi da gaske, komai ƙanƙantarsa, da alƙalamina.

Ga takardar nan a aljihuna. Ban yaga ta ba, kai za ka yaga da hannunka. Jika 150 ɗin, za mu je wurin mutumin tare, in ya mayar to, in bai mayar ba ka bar shi da Allah. Ran Asabar bayan la'asar ka zo mini da sunan abin da kake son karantawa da makarantu uku da ke koyar da shi, rubuce a takarda. Litinin da sassafe mu tafi ANAB. Yanzu tashi ka wanke fuskarka, na ji motsin mahaifiyarka a zaure.