MUDUN DA ZA A AUNA JINYAR TSOFAFFI DA GAJIYAYYU DA SHI

Ya kai ɗan'uwa mai-karatu, ko ka riga ka karɓi baptisma, ko kuwa har yanzu kana binciken hanyar Yesu Almasihu, ga wata magana da ta shafe ka. A gidanku, ko a gidan maƙwabcinku, ba za a rasa tsohon da ƙafa ta gaza masa ba, ko makauniya, ko wanda shanyewar jiki ta kwantar, ko wanda aka haifa da ƙarancin hankali, ga shi ya yi gemu amma ba ya iya riƙon kansa. Kowa ya yarda a lura da irin waɗannan. Amma fa lura iri iri ce. Akwai wanda a ke miƙa masa ƙwarya safe da maraice kamar yadda a ke zuba wa akuya dusa, ba gaisuwa, ba tambaya, sa'an nan a fita zaure ana cewa, ai muna ci da shi.

Littafi Mai-Tsarki bai bar mu cikin shakka a kan nauyin nan ba. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 5, ya lissafta mutumin da ya ƙi ɗaukar nauyin mutanen gidansa cikin waɗanda suka yi musun bangaskiya. Cikin Markus sura 7 Ubangiji ya tsauta wa Farisiyawa domin suna yarda mutum ya keɓe dukiyarsa da sunan Allah, ya hana iyayensa cin moriyarta. Shi kansa kuwa, yana bisa gicciye, bai manta da uwarsa ba, sai da ya danƙa ta a hannun almajirin da ya ke ƙauna. Saboda haka kada ka ce hidimar majami'a ta hana ka zama wurin tsohuwarka. Wannan hujja ce irin ta Farisiyawa.

Ka duba kuma Ayyukan Manzanni sura 6. A Urushalima ana rabon abinci kowace rana, amma Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni, cewa ana ƙyale gwaurayensu mata. Manzanni ba su ce musu su yi shiru su gode da abin da suka samu ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, Istifanus yana cikinsu, aka sa su bisa aikin. Abin lura kuwa, dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Ashe tun daga farko ikilisiya ta sani alheri ma yana bukatar mai-dubawa.

A ƙasar Ingila, inda 'ya'ya da yawa su ke zaune nesa da iyayensu, jinyar gida ta zama sana'a. Akwai masu zuwa gidan tsoho su yi masa wanka, su ba shi abinci da magani, a biya su. Akwai kuma wani tsari inda naƙasasshe ya ke zaune a ɗakin da ya ke nasa, shi ne mai gida, mataimaka kuwa suna shigowa su taimake shi bisa ga bukatarsa. A shekara ta 2009 wata hukuma ta fara aikin duba masu wannan sana'a da asibitoci. Tambayoyi biyar ta ke yi: ko mutumin yana cikin aminci daga cutarwa, ko jinyar tana amfaninsa, ko ana yinta da tausayi, ko ana biyan bukatarsa shi kansa, ko kuma shugabannin aikin suna riƙonsa da kyau. Tambayoyi ne masu kyau, mai-bi ba zai yi hasara ba in ya auna gidansa da su.

Amma kada ka zaci hukuma da takarda sun isa. A shekara ta 2011 gidan BBC ya sa wani ya shiga da na'urar ɗaukar hoto a ɓoye cikin wani gidan jinya mai suna Winterbourne View, kusa da birnin Biristol, inda a ke ajiye masu ƙarancin hankali. Sai ga ma'aikata suna marinsu, suna danne su a ƙasa, suna watsa musu ruwan sanyi, suna yi musu ba'a. Wani babban ma'aikacin jinya ya riga ya kai ƙara wurin shugabannin gidan, ya kai wurin hukumar nan kuma, ba a kula ba. Aka rufe gidan a shekarar, ma'aikata 11 suka amsa laifi, aka ɗaure 6 daga cikinsu a 2012. Abin da ya ba mugunta wuri shi ne, waɗanda a ke zalunta ba su da bakin faɗi, ƙofa kuma a rufe ta ke. Ɗakin baya na gidanmu, inda tsohuwa ta ke kwance, shi ma ƙofarsa a rufe ta ke.

To, bari mu zo ga aikin hannu. Wanda ya ke kwance ba ya iya juyawa, nauyin jikinsa yana danne fata a wuraren ƙashi, watau gindin baya, da kwatangwalo, da dunduniya, da kafaɗa. Jini ba ya gudu a wurin, fata ta yi ja ko ta yi duhu, daga baya ta buɗe ta zama gyambo mai wuyar warkewa, wanda ya kan kai mutum kabari. Maganinsa ba na saye ba ne: a riƙa juya shi, kamar bayan kowace sa'a biyu, a duba wuraren nan kullum, kada kuma a bar shi cikin shimfiɗa mai jiƙe da fitsari. Sa'ad da za ka ba shi kunu ko fate, ka tashe shi zaune tukuna, ka ba shi kaɗan kaɗan, gama mai shanyewar jiki ya kan ƙware, abinci ya bi hanyar numfashi ya zama ciwon huhu. Tsofaffi kuma ba su cika jin ƙishi ba ko da jikinsu yana bukatar ruwa. Kada ka jira sai ya roƙa, balle a watannin bazara. Magani kuwa a ba shi a kan lokacin da likita ya faɗa, kada a ƙara, kada a rage.

Duk wannan ana iya yinsa daidai, a kuma karya zuciyar mutum. A ganina nan ne mafi yawanmu mu ke faɗuwa. Tsohon nan da ka ke wa wanka, shi ya taɓa riƙe gidan nan, da shi a ke shawara. Ka yi sallama kafin ka shiga ɗakinsa. Ka saki labule, ka kori yara, ka rufa masa jiki sa'ad da ka ke wanke shi. In da hali, mace ta wanke mace, namiji ya wanke namiji. Ka tambaye shi rigar da ya ke so, da abin da ransa ya ke marmari. Abin da ya ke iya yi da kansa, ka bar shi ya yi, ko da zai daɗe, ko da zai zubar da miya. Hannun da aka hana aiki ya kan mutu da sauri. Kada ku yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. In kuɗinsa ko amfanin gonarsa suna hannunka, ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ka nuna wa 'yan'uwa, gama amana ce.

In kun ɗauki wani aikin jinya, ku biya shi ladansa a kan kari, gama Yaƙub, cikin sura 5, ya yi kashedi mai zafi a kan masu danne hakkin ma'aikata. In kuwa matar gida ce ko 'ya ta ke ɗauke da aikin, kada a bar mata ita kaɗai dare da rana. Gajiya ita ce ta kan mai da mai-tausayi mai-tsawa. Ku yi karɓa-karɓa, matan zumunta su zo su zauna ta samu barci.

Saura magana guda, ta ku sababbin masu-bi musamman. Wataƙila mahaifinka ba ya bin hanyar nan, wataƙila ma ya yi fushi da kai ranar da ka shige ta, ga shi yau yana kwance a hannunka. Kada ka rama. Kada kuma ka mai da ƙwaryar abinci tarko, ka ce sai ya yarda da maganarka za ka yi masa alheri. In ya nemi ruwan alwala, ka kawo masa. In ya ce a kira masa malaminsa, ka aika. Ka yi addu'a dominsa, in ya tambaye ka dalilin begenka ka faɗa masa da ladabi.

Dattawan ikilisiya kuma su riƙa ziyartar gidajen da a ke jinya, su shiga har ɗakin, su sami lokacin da za su yi magana da majinyaci shi kaɗai. Kai ma, in ka ga tabon duka, ko rama marar dalili, ko ka ga tsoho yana firgita sa'ad da wani ya shigo, ka yi wa mai gidan magana a keɓe. In bai ji ba, ka faɗa wa dattawa. In abin ya ci gaba, ku kai wa mai unguwa ko hukuma.