Sa Hannunka Cikin Buhun, Ɗana

Ɗana. Ko kuwa in ce 'yata, domin a garuruwanmu na Gobir, daga Sabon Birni zuwa Gatawa, daga Isa zuwa Bafarawa, yawancin kajin da ke kiwo a tsakar gida na mata ne. Da su ake sayen sabulu, da su ake biyan kuɗin Islamiyya, su ake kamawa in baƙo ya sauka ba shiri. Matso kusa, magana gare ni a kan abin da kake zuba musu.

Na san yadda ake yi, don a gidan da na tashi haka ake yi. In kaka ta yi, uwar gida takan baza gujiya a faifai, wato gyaɗa in ji Kanawa, ta zauna tana tsincewa. Masu kyau a ware su don mai da ƙuli-ƙuli. Ƙanjamammu kuwa, da masu baƙi-baƙi, da waɗanda gara ta huda, irin waɗanda in ka tauna sai ɗaci ya cika maka baki ka yi maza ka tofar, su ne rabon kaji. Haka masarar da ta yi kore-kore a jikin totuwa, haka dusar da ta dunƙule a gindin buhu. A ganinmu tattali ne, ba a yi asarar komai ba. Ai kaza ce, me ba ta ci?

Ni ma da wannan tunanin na girma, sai da na ji a jikina. Wata shekara, damina na gab da tafiya, na tarar da tunkuza a kasuwa ana sayar da ita ƙasa da kuɗinta. Na ji tana ɗan warin tsohon ɗaki, amma araha ta rufe mini hanci. Na kai gida aka niƙa, aka gauraya da dusa. 'Yan agwagi ne suka fara. Suka daina rububin abinci, suka riƙa tangaɗi, da safe a tsince su a miƙe. Kajin ba su mutu ba, sai dai suka tsaya cak, ƙwai ya ja baya, wanda aka samu ma ɓawonsa kamar takarda. Na sayo kafson nan mai ja da rawaya na zuba musu a ruwa, shiru. Ranar da aka yanka ɗaya na tsaya a kan mai fiɗa. Hantar kaza mai lafiya ja ce mai duhu, sumul da ita, tana da ƙarfi a hannu. Wannan ta kumbura, ta koɗe ta yi rawaya kamar an shafa mata man shanu, kana taɓa ta tana dagargajewa tsakanin yatsu. Da na kai labari ga wani likitan dabbobi a Sakkwato, bai tambaye ni sunan ciwo ba. Cewa ya yi, "Malam, me suke ci?"

Abin da ya koya mini ran nan shi nake so in damƙa maka. Fumfunar nan, ko hunhuna kamar yadda bakinmu ya saba, halitta ce mai rai. Akwai irinta da masana ke kira Asfajilas filabus, wadda ke zaune cikin ƙasar gonakinmu tun fil'azal. In ta samu zafi da laima ta hau gujiya ko masara, sai ta zubar da wata guba da ake kira afulatoksin. Duniya ba ta san da ita ba sai a 1960, lokacin da 'yan talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka rasa gane kan abin har aka raɗa wa ciwon suna da harafin X. Da aka bi sawu sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka yi odarta daga Barazil. Ka ji, tunkuza, irin wadda na saya.

An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan ido ya gaza. Kana iya shanya hatsin da ya yi fumfuna, ka sheƙe shi, korensa ya tafi, gubar tana nan daram. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Iyakar da hukumar abinci ta Amurka ta yarda da ita a abincin 'yan tsaki kashi 20 ce cikin biliyan. In wannan lissafi bai shiga kunnenka ba, ɗauki buhu goma masu kilo 100-100, gubar da aka yarda ta kasance a cikinsu gaba ɗaya ba ta wuce nauyin ƙwayar dawa guda ba. To ka auna da tafin hannu na ruɓaɓɓiyar gujiya da ake watsa wa kaji kullum.

Agwagwa ta fi kowa rauni a gabanta, musamman ƙanana, sai talotalo. Kaza ta fi su juriya, kuma juriyar nan ita ke yaudararmu. Da faɗuwa take yi nan take da mun farga. Sai ta yi ta ci ba ta girma, kana ciyar da ita wata da watanni kamar kana zuba ruwa a kwando. Mafi muni, gubar tana karya garkuwar jikinta. Za ka ji mutum yana rantsuwa ya yi wa kajinsa rigakafin Gumboro da na Nukasil, annobar nan da ke share akurki da hunturu, amma duk da haka suka mutu, sai ya ce maganin jabu ne. Wataƙila jabun ne, wataƙila zafi ya lalata shi a hanya. Sau da yawa kuma maganin lafiyarsa lau, jikin da aka ba ne ba shi da ƙarfin karɓa. Akwai 'yan uwan wannan guba, wata ƙoda take kamawa, wata tana fitar da gyambo a bakin kaza, amma a ƙasa mai zafi irin tamu afulatoksin ce uwar tafiya.

Daga gona abin ke farawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ruwa ya ɗauke da wuri gujiya na cikin ƙasa, ƙasar ta yi zafi ta bushe, kwanson yakan raunana, gara ta huda, fartanya ta sare, duk ƙofofi ne. Masara kuwa tsutsa da tsuntsu ke buɗe ta. Gero da dawa, abincin iyayenmu, sun fi su tsira, shi ya sa in kana da zaɓi ka dogara da su. Akwai wani abu da cibiyar IITA ta Ibadan ta ƙirƙiro, sunansa Aflasafe, hukumar NAFDAC ta yi masa rajista a 2014. Ƙwayar dawa ce da aka rina shuɗi, ɗauke da irin fumfunar da ba ta fitar da guba. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, sati biyu zuwa uku kafin amfanin ya yi fure, sai marar guba ta riga mai guba kama wuri. Tambayi malamin gona ko masu sayar da taki in za su samo maka.

Yanzu bari in zo inda zuciyata ta fi nauyi. Kakanninmu ba su san sunan wannan guba ba, amma sun san bushewa. Sukan bar hatsi ya ƙosa, a yanke, a shanya zangarniya har iskar hunturu ta ratsa ta, a ɗaure dami, a kai rumbun da aka ɗora kan duwatsu don kada ya sha laimar ƙasa. Yau fa? Ba sai na gaya maka halin da gabashin Sakkwato ke ciki ba. Manomin da 'yan bindiga suka hana sakat ba ya da zarafin jiran masara ta bushe a kara. Da tsoro yake shiga gona, ya karye abin da ya samu ɗanye-ɗanye, ya cusa a buhu, ya yi gari da shi. Rumbun ƙauye ya zama abin fargaba, sai a jibge buhuna a ɗaki guda da mutane, a kan daɓe, jingine da bango. Wasu ma sun bar komai sun tsallaka ƙasar Maraɗi. Ban ga laifin kowa ba, rai ya fi hatsi. Abin da nake roƙo kawai, in Allah ya kai ka gida lafiya da buhun, kada ka bar shi a ɗaure ya kwana biyu. Kwance shi ran nan, baza shi a kan tamfol ko tabarma, ko a rufin soro, ba a kan turɓaya ba, ka riƙa juyawa, ka kwashe kafin raɓa ta sauka.

Yaya za ka san ta bushe? Masara sai laimarta ta sauka zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari, gujiya ƙasa da haka sosai, wajen 7 ko 8. Ba ka da na'ura, na sani. Sa ƙwaya a haƙori, busasshiya ƙas take fashewa, ɗanya kuwa lotsawa take yi. Gujiya ka girgiza kwanson ka ji tana kacau-kacau. Ko ka samu busasshiyar kwalba, ka zuba masara kamar sulusinta, ka ƙara cokali biyu na gishirin da ka shanya ya bushe sarai, ka rufe ka girgiza, ka ajiye kwata na awa ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, mayar da masararka rana. Sai ta ci wannan jarrabawa za ka sa ta a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda ke toshe iska ya kashe ƙwari. In ka ɗaure ɗanyen hatsi a cikinsa ka haɗa wa kanka aiki.

Kai kuma mai kajin gidan gona, da ke jiran mota ta kawo maka abincin kamfani daga Sakkwato ta hanyar Goronyo, ko ta Shinkafi, ka san buhun nan ya sha tafiya, wataƙila ya sha ruwa a bayan mota. Duba ranar da aka yi shi. Shinshina. In ya dunƙule, ko ka ji ɗumi a cikinsa, mayar wa mai shi ko da za ku ɓata. Da damina kada ka tara abin da ya wuce na sati biyu ko uku. Ɗora buhunan a kan katako, ka ja su baya daga bango, wanda ya riga zuwa shi za a fara ci. Mazubin abinci a kankare shi a wanke, don guntun da ya jiƙe ya manne a kusurwa nan ne gonar fumfuna. 'Yata mai jiƙa wa kaji dusa, jiƙa daidai abin da za su cinye a take, kada ya wuni ya yi tsami.

Za a tallata maka wani gari da ake gaurayawa da abinci, wai yana ɗaure guba. Gaskiya ne, yawancinsa wata irin laka ce ta musamman da ake kira bentonait, tana kama afulatoksin a cikin hanjin kaza su fita tare da kashi kafin ta shiga jini. Yana taimakawa, amma ba dukan gubobin yake kamawa da kyau ba, kuma ba ya mayar da ruɓaɓɓen abinci lafiyayye. Bi awon da aka rubuta a jikinsa. Kada kuma jin an ce laka ya sa ka tafi bakin Gulbin Rima ka ɗebo taka, ba ita ba ce. Haka nan kada ka ce za ka gauraya lalatacce da mai kyau don ya saje. Ka lalata duka ke nan. Wanda ya ɓaci a haƙa rami a binne, ko a ƙone. Kada a juya shi ga akuya ko saniyar tatsa, domin gubar na biyo nono.

Ga wata gaskiya da ba zan ɓoye maka ba. Abin da ke ratsawa zuwa ƙwai da tsokar kaza kaɗan ne, a hanta ya fi taruwa. Babban haɗarin yaranka shi ne su ci hatsin da kansa, ko ƙuli-ƙulin da aka yi da gujiyar tsintuwa. A 2004 a gabashin Kenya mutane 317 suka kwanta bayan cin masarar da aka adana da laima, 125 daga cikinsu suka rasu. Wanda ke cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuwa, tana cikin sanannun abubuwan da ke jawo kansar hanta, kuma haɗarin na ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Saboda haka in ka ga 'yan agwaginka na faɗuwa, kada ka tsaya a akurki. Leƙa tukunyar gidanka, mai yiwuwa daga buhu guda ake ɗiba.

Wannan ne ya sa nake jin tsoron dabarar da na ga wasu na yi, in hatsi ya yi musu fumfuna sai su sheƙe, su zuba mai kyau a baki, su kai kasuwa. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya taɓa wucewa ta wurin mai sayar da tarin abinci, ya cusa hannunsa mai albarka a ciki, yatsunsa suka ji laima. Mai kayan ya kawo uzurin ruwan sama, amma aka tsawata masa a kan ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa inda mai saye ba zai gani ba. Wanda zai sayi naka wata bazawara ce mai kaji biyar, ko ɗan gudun hijira da ke neman na tuwon dare.

Gobe da safe, ɗana, kafin ka watsa wa kajinka komai, je ka kwance buhun da ke can ƙurya jikin bango. Naɗe hannun riga, ka cusa hannunka har gwiwar hannu, ka ɗebo daga ƙasa ka fito da shi haske. Duba, shinshina, sa a haƙori. In ka ji laima ko ɗumi, ka fasa zuwa ko'ina sai ka baza shi a rana. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya sa albarka a abin da kake kiwo.