Tsakanin Mai Wuƙa da Mai Wasa Ta

Kowane babban aiki, in aka bincika, za a tarar akwai wanda ake gani a gaba, akwai kuma wanda ke tsaye a bayansa. To, in aikin ya yi kyau, wa ya cancanci yabo? Labarin wani likitan fiɗar zuciya na ƙasar Amurka da mataimakinsa ya isa a auna wannan magana da shi.

Sunan likitan Alfred Blalock, an haife shi cikin 1899. Cikin 1930, sa'ad da yake aiki a jami'ar Vanderbilt, ya ɗauki wani saurayi baƙar fata, wai shi Vivien Thomas, don ya taimake shi a ɗakin gwaje-gwaje. Shi Thomas kafinta ne, ya yi ta tara kuɗi don ya karanta likitanci, sai bankin da ya yi ajiya ya karye, burinsa ya bi kuɗin. Da yake hannunsa ya saba da awo da haɗa katako, ba a jima ba ya gwanance da yanka da ɗinki a jikin dabbobi. Amma fa a takardar albashi, cikin ajin masu shara aka sa shi.

Cikin 1941 aka naɗa Blalock shugaban likitocin fiɗa na asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimore, ya tafi da Thomas. A can wata likitar yara, Helen Taussig, ta kawo musu wata matsala. Akwai jariran da akan haifa da lahani a zuciya, jininsu ba ya isa huhu sosai balle ya ɗebo iska, sai leɓunansu da faratansu su yi shuɗi, da yawansu su mutu tun suna ƙanana. Dabarar da aka tsai da ita ce a yanke jijiyar jinin da ke zuwa hannu, a jona ta da wadda ke zuwa huhu. Thomas ya gwada haka a jikin karnuka wajen 200, har wasu kayan aikin ma shi ya ƙera su.

Ran 29 ga Nuwamba 1944 aka yi wa wata jaririya 'yar wata 15 wannan fiɗa. Blalock ke riƙe da wuƙa, amma ya sa Thomas ya hau ɗan benci a bayansa yana nuna masa inda zai sa allura. Jaririyar ta farfaɗo, ko da yake ba ta yi tsawon rai ba, kāna yara masu yawa suka rayu ta wannan hanya. Aka sa wa fiɗar sunan Blalock da Taussig. Takardar da suka buga cikin 1945 kuwa ko ambaton Thomas ba ta yi ba.

Wani zai ce ba a yi laifi ba. Likita ne ya ɗauki nauyin ran yarinyar, da ta mutu a hannunsa shi za a zarga, ba mataimaki ba. Wanda zai sha zargi shi kaɗai, me zai hana ya sha yabo? Wannan magana tana da ƙarfi. Amma abin da ta nuna shi ne Blalock ya cancanci rabonsa, ba ta ba shi rabon wani ba. Albashi ladan gumi ne, suna kuwa ladan gwaninta ne, kowanne haƙƙi ne mai zaman kansa. In an danne ɗaya, an koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani kuma zai ce zamanin ne ya jawo, gama a lokacin ana ware baƙar fata da farar fata a wannan birni. Haka ne. Sai dai mutumin da ya yi ƙarfin halin taɓa zuciyar jaririya, abin da likitoci ke tsoro, rubuta suna ɗaya a takarda bai fi ƙarfinsa ba.

Shi Thomas bai ɓata aikinsa don an ƙi yabonsa ba. Ya ci gaba da koyar da matasan likitoci riƙon allura har suka zama manya. Blalock ya rasu cikin 1964. Waɗannan almajirai suka sa aka zana hoton Thomas, cikin 1971 aka rataye shi a asibitin, cikin 1976 kuma jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu cikin 1985.

Saboda haka wanda ke gaba, ko maigida ne a gona ko shugaba a ofis, ya san ana binsa bashin ambaton waɗanda suka tallafe shi, ya kuma biya tun suna da rai, tun shi ma yana da bakin faɗa. Na baya kuwa ya kyautata aikinsa ko ba a kira sunansa ba, gama yaran da suka rayu, ɗinkin ne ya amfane su.